Shuɗin Rubutu a Shafin Sikila

Makera, Kaduna
9 ga Janairu, 2024

Zuwa ga 'yata Judith,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mamanki da duk mutanen Narayi. Ya jiki da wannan sanyi? Ki riƙa shan ruwa ko ba kya jin ƙishirwa, ki rufe ƙafafunki. Na san kin girma, amma wadda ta fara ɗaura miki ƙarin ruwa kan ciwon sikila tun kina 'yar shekara shida ba za ta daina yi miki faɗa ba.

Kunnena ya ƙara nauyi, hira a waya ta zame mini wahala. Shi ya sa na koma takarda da biro. In na gama sai in ɗauki hotonta in turo miki, ki yi haƙuri da rubutun tsofaffin nas-nas.

Maganar shafin nan ce da kika buɗe wa ƙungiyarmu ta iyayen masu sikila a intanet. Wata shida ke nan. Duk abin da na koya a shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya mun zuba shi a ciki da Hausa mai sauƙi: yadda ake gane ciwon zai tashi, abin da za a yi a gida, da lokacin da za a ruga asibiti. Amma wa yake karantawa?

Ranar Asabar a wurin taronmu wata mata ta zo da kwalba a jaka, wani baƙin ruwa mai warin kananzir. Ta ce a waya ta samo mai maganin, ya tabbatar mata in ɗanta ya sha kwana arba'in, jininsa zai tashi daga SS ya koma AA. Na karɓi wayarta na rubuta "maganin sikila" a injin bincike. Judith, na farko mai kwalba, na biyu mai kwalba, na uku mai garin magani. Na yi ta gangarawa ina ƙirgawa da yatsa, sai a na arba'in da uku na ga sunanmu. Uwar da ɗanta ke birgima a tabarma don ciwon ƙashi, ina za ta samu natsuwar kaiwa na arba'in da uku?

Ki gaya mini abin da ake yi shafi ya hau sama. In kuɗi ne ki faɗa, in roƙo ne zan yi.

Ki gaida Mamanki, ki ce mata ina nan zuwa cin gwaten da ta yi mini alkawari.

Mamanki,
Hajiya Khadija

Narayi, Kaduna
13 ga Janairu, 2024

Mama,

Ina gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, mun gode wa Allah. Mamana tana gaishe ki, ta ce tun kafin Kirsimeti take jiranki. Ruwa kuma ina sha, kada ki damu.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Bari in yi miki bayani yadda na fahimci abin a wurin aiki.

Injin binciken ba likita ba ne, bai san wa ke faɗin gaskiya ba. Yana duba abubuwa da yawa kafin ya jera shafuka, kuma babba daga ciki shi ne linki. Linki shi ne wani shafi ya rubuta sunanmu a jikinsa, yawanci da shuɗin rubutu, yadda in mutum ya taɓa zai kawo shi wurinmu. In shafukan da aka yarda da su suna nuno mu, sai injin ya ɗauka mu ma abin yarda ne, ya matsar da mu gaba. A yanzu shafi ɗaya tak ke nuno mu, na makarantar da nake aiki a Barnawa, shi ma ni na roƙi shugabar.

To ga abin da nake gani. Ni zan iya gyara shafin ya riƙa buɗewa da sauri, in kuma daidaita kanun bayanan. Amma linki mai daraja ke kaɗai za ki iya samo shi, domin ke aka sani. Na haɗa miki jerin wurare goma sha biyu masu shafin kansu: likitocin yara biyu da kuka yi aiki tare, ƙungiyar masu sayar da magani, shirin lafiya na gidan rediyo, zumuntar mata ta cocinmu, makarantar Islamiyyar nan ta Tudun Wada mai shafi, da sauransu. Ki je da kanki. Ki ce su karanta abin da muka rubuta, in sun gamsu su sa mu a shafinsu. In suna so, ki rubuta musu gajeren bayani kan gwajin jini kafin aure su buga da sunanki, a ƙarshensa a sa linkinmu.

Ba zan ɓoye miki ba, Mama, abin yana cin lokaci. Wata shida, wataƙila shekara, kafin mu shiga goman farko.

Abu ɗaya nake roƙonki. Akwai masu yawo suna cewa za su kawo linki dubu cikin sati biyu. Daga shafukan banza suke kwaso su, waɗanda ba mutum ne ke karanta su ba. Shafi yakan hau na ɗan lokaci, ranar da injin ya gane kuma sai ya jefar da shi inda ba mai ganinsa. In wani ya zo miki da wannan magana, ki turo shi wurina.

Allah ya ƙara miki ƙarfi.

'Yarki,
Judith Dakwak

Makera, Kaduna
11 ga Maris, 2024

Judith,

Bayan gaisuwa. Wannan ita ce takarda ta uku da na turo miki tun tsakiyar Fabrairu, ban ji ko tari daga gare ki ba. Na ɗauka aikin makaranta ne ya sha kanki.

Na bi jerinki kaf, ban tsallake ko ɗaya ba. Likita na farko ya karɓe ni da shayi, ya ce wanda ke kula masa da shafin ya tafi hidimar ƙasa da kalmar sirrin a kansa. Gidan rediyo na je sau huɗu, a na huɗun mai gadi ya fara kirana Hajiya Linki. Masu sayar da magani sun ce sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma sai bayan azumi. Waɗanda suka yi abin a take su uku ne: matan cocinku, Allah ya saka musu, da Malam Zakariyya'u na Islamiyya, da likita ta biyu. Wata biyu ina hawa Keke Napep da gwiwar nan tawa, linki uku. Jiya na duba, muna na talatin da ɗaya.

Yaron matar nan mai kwalba ya rasu ranar Talata. Ban ce kwalbar ce ta kashe shi ba, Allah ne masani. Amma na je gaisuwa na ga kwalabe uku babu komai a ciki an jera a bayan ƙofa.

A wani taron ƙungiyoyi na haɗu da wani mutum, Derrick, yana da ofis a Barnawa. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya nuna mini a kwamfutarsa otal biyu da wata makaranta da ya kai sama. Ya ce sati uku ya ishe shi. Na gaya masa gargaɗinki, ya yi murmushi ya ce wannan tsohon ilimi ne, yanzu an wuce nan. Abin da yake buƙata kawai kalmar sirrin shiga shafin. Ladan aikinsa daga fanshona zan biya, ba zan taɓa na ƙungiya ba.

Na san za ki ce in jira. Ke Allah ya ja kwananki, kin kai talatin da huɗu, kina da albashi da asibitin da kike zuwa, kina iya jiran shekara. Ina ganin kin manta yadda abin yake. Yaran da nake gani ranar Asabar wasunsu ba su da shekarar nan.

Ki turo mini kalmar sirrin.

Hajiya Khadija

Narayi, Kaduna
14 ga Maris, 2024

Mama,

Ina gaisuwa. Na ga wasiƙunki duka uku. Allah ya ji ƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri.

Shafin na ƙungiya ne, ke ce shugaba, ba ni da ikon hana ki. Na turo kalmar sirrin a saƙo daban. Shawarata ba ta canza ba: kada ki ba shi. Daga arba'in da uku zuwa talatin da ɗaya cikin wata biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma guminki ne ya kawo shi.

In kin ba shi, ni zan janye hannuna, domin mutum biyu ba sa gyara shafi ɗaya kowa da tasa hanyar.

Ban manta yadda abin yake ba.

Na gode.

Judith

Makera, Kaduna
29 ga Afrilu, 2024

'Yata Judith,

Gaisuwa da fatan alheri. An sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya. Na aika muku da cincin da naman kaza, Mamanki ta kira ta yi godiya, ko da yake rabin maganarta ban ji ba. Ke ce dai shiru.

Ɗauki wayarki ki rubuta "maganin sikila". Mu ne na biyu. Derrick ya ce sati uku, ya yi biyar, amma ya cika. Yanzu mai kwalba ɗaya ne kawai a samanmu, shi ma an ce mini kwanansa ya kusa.

Ranar Asabar kujerun da muke aro daga makarantar firamare ba su isa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi. Mata daga Kakuri, daga Sabon Tasha, har da wani uba daga Unguwar Sanusi da ya zo da littafi yana rubuta duk abin da na faɗa. Wata Asabe ta zo tun daga Rido, mota biyu ta hau, da 'yarta Favour mai shekara bakwai. Mijinta direban tanka ne, ba ya zama. Ta ce shekara huɗu tana fama ita kaɗai, ba ta taɓa sanin akwai wasu iyaye da ke haɗuwa ba sai da ta gan mu a waya. Yarinyar ga surutu, ta tambaye ni ko na'urar da ke kunnena rediyo ce. Ta tuna mini da ke, lokacin da kike hana 'yan ɗakin yara barcin rana da tambayoyi.

Ba don in ce na fi ki gaskiya na rubuto ba. Wataƙila na yi kaushin baki a takardata ta baya, raina ne a ɓace. Ki zo ranar Asabar ki ga aikin hannunki, ai ke kika kafa shi.

Mamanki,
Hajiya Khadija

Makera, Kaduna
8 ga Yuli, 2024

Judith,

Ina gaishe ki. Ko ba za ki amsa ba, don Allah ki karanta har ƙarshe.

Tun tsakiyar Yuni na lura sababbin fuskoki sun ragu a taro. Na duba waya, ba mu a goman farko. Na gangara har ɗari, babu mu. Ko cikakken sunan ƙungiyar na rubuta, sai wasu shafuka su fito da sunanmu a tsakiyar tallan caca da hotunan da ba zan iya kwatanta miki ba. Malam Zakariyya'u ya aiko a gaya mini, cikin ladabi, cewa ya cire mu daga shafin makarantarsu sai an gyara. Na kira Derrick, ba ya ɗauka. Na je ofishin, na tarar da mai gyaran waya a ciki, ya ce wata guda ke nan da ya kama shagon.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na sayi hankali.

Ranar Alhamis Asabe ta Rido ta sa aka kira ni daga asibiti. Favour ce. Zazzaɓi ya kama ta, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kafin su iso daga Rido hannunta da ƙafarta na hagu sun saki, bakinta ya karkace. An ƙara mata jini, ta farfaɗo, amma likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Na tambayi Asabe ko yarinyar tana shan magungunanta na kullum, na ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi. Ta ce ta tsayar da su tun farkon Yuni, domin mai maganin ya ce ba a haɗa nasa da na asibiti har kwana arba'in.

Na fara yi mata faɗa a nan bakin gado. Na ce sau nawa na faɗa a taro a guji masu kwalba? Ta ciro wayarta ta buɗe shafinmu, wurin da muka yi bayanin kula da yaro a gida, ga hotona a sama da farar rigar aiki. A tsakiyar maganata, inda na rubuta a tabbatar yaro yana samun ingantaccen magani, kalmomin nan biyu na ƙarshe sun koma shuɗi. Ta taɓa. Sai ga shafin mai kwalba, da lambar wayarsa.

Ta ce, "Hajiya, a shafinki na gani. Na ɗauka wannan shi ne na gaskiyar, shi ya sa kika nuna."

Judith, sai na juya ga gadon. Yarinyar tana kallona da ido, tana son ta yi magana, harshen ya ƙi.

Ban san shuɗin rubutu nawa ne a cikin shafin ba. Ban san uwa nawa ta taɓa su ba. Ban iya cirewa ba, kalmar sirrin ma Derrick ya canza ta. Kin gaya mini tun Janairu, kin sake gaya mini a Maris. Ba ni da bakin roƙonki, amma ina roƙo. In ba za ki yi don ni ba, ki yi don waɗanda har yanzu suke buɗe shi.

Hajiya Khadija

Narayi, Kaduna
12 ga Yuli, 2024

Mama,

Ina gaisuwa. Ya jikin Favour? Ubangiji ya taɓa ta da hannunsa.

Na fara da aikin, don hankalinki ya kwanta ta wannan gefen. Da sunana aka yi rajistar shafin tun farko, don haka na samu na karɓo shi a ranar da wasiƙarki ta zo. Na rufe shi na kwana biyu na bi shi layi-layi. Linki goma sha huɗu Derrick ya dasa a cikin rubutunki. Shida na masu kwalba ne, sauran na caca da na masu ba da bashi a waya. Na cire su duka, na canza kalmar sirri.

Yadda ya yi shi ne musaya. Ya zuba mana linki kusan dubu biyu daga shafukan banza, shi ne muka hau. Da muka hau, sunanmu ya yi daraja, sai ya sayar wa masu kwalba wuri a jikinmu don su ma su hau. Waɗancan dubu biyun ba ni da ikon goge su, suna shafukan wasu. Na tattara jerinsu na aika wa masu injin binciken cewa ba da yawunmu ba ne, kada a lissafa mana su. Ban san yaushe za mu dawo ba. Yanzu muna bayan inda muka fara.

Saura abin da ya fi wuya, kuma na yi kwana uku ina juya yadda zan rubuta shi.

Shirun da na yi miki a Fabrairu ba aikin makaranta ba ne. Ina kwance a asibiti, kwana goma sha tara, ciwon ya kama ƙirjina. Na hana Mamana gaya miki don na san za ki bar yawon neman linki ki zo ki tare a kaina. Kwana biyu da sallamata wasiƙarki ta zo, wadda kika ce na manta yadda abin yake. Na karanta ta ina jingine da matashi uku don ba na iya kwanciya sosai. Da na gaya miki a lokacin, na san da kin zo da gudu, da mun yi magana, wataƙila da ba ki ba shi ba. Ban faɗa ba. Na fi son in riƙe fushina.

Wannan ma ba shi ne mafi wuyar ba.

Ranar 12 ga Mayu, bayan na dawo daga coci, na buɗe shafin don in ga abin da ya yi. Na ga shuɗin rubutun nan, shi ɗin dai, "ingantaccen magani". Na taɓa shi. Na ga inda yake kaiwa. Na rubuta miki saƙo a take, har yanzu yana cikin wayata ban aika ba. Na ce a raina, ai ta bi wanda ya ce tsohon ilimi gare ni, bari injin ya jefar da su ta gani da idonta, sannan ta neme ni. Lissafin shafi nake yi, wa zai hau, wa zai faɗo. Ko sau ɗaya ban kawo wata uwa a Rido da waya a hannu ba. Ni da na sha irin wannan kwalbar ina 'yar shekara tara, kika yi wa Babana faɗan da bai manta ba har ya rasu.

Kin ce Asabe ta tsayar da maganin a farkon Yuni. Sati uku ke nan bayan na gani. Ke ba ki san abin yana wurin ba, Mama. Ni na sani.

Ban rubuto don ki ce ba komai ba. Na ga kina ɗauke da kayan ke kaɗai, alhali ba naki ba ne ke kaɗai.

'Yarki,
Judith

Makera, Kaduna
24 ga Yuli, 2024

'Yata Judith,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙirjin? Wane magani suka ɗora ki a kai, kuma yaushe za ki koma ganin likita? Ki amsa mini waɗannan kafin komai. Tambayar da ya kamata in yi tun Fabrairu ke nan. Mai sikila ta yi shiru sati uku a cikin sanyi, ni da na yi rayuwata a ɗakin jinya ban kawo komai a raina ba sai kalmar sirri. Har na zauna na rubuta miki waccan magana. Ki yafe mini ita, in kina iyawa.

Na kwana biyu ban amsa ba don ban san me zan ce kan 12 ga Mayu ba. Ba zan ce miki ba komai ba, tunda kin hana, kuma ƙarya ne. Da kin aiko saƙon, da yarinyar nan tana gudu yanzu. Da ni ma na ji maganarki, da babu abin da za ki gani balle ki ɓoye. Na auna ta kowane gefe, ban samu inda zan tsaya in nuna ki da yatsa ba.

An sallami Favour. Jiya na je Rido. Gidan yana bayan inda tankoki ke layi, ɗaki biyu. Tana zaune a kujerar roba an tokare ta da zane. Hannun bai dawo ba. Ƙafar tana ɗan motsi, kuma ta fara haɗa kalmomi, da ƙyar. Na nuna wa uwar yadda za ta riƙa miƙe mata gaɓoɓi safe da yamma, na kuma haɗa su da mai gashin ƙashi a asibiti.

Na gaya wa Asabe komai game da Derrick, cewa an gargaɗe ni na ƙi ji, ni na miƙa masa shafin da hannuna. Ban ambaci sunanki ba. Ta saurara tana tsince shinkafa a tire. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban nema ba. Na ce mata ina tunanin rufe shafin gaba ɗaya. A nan ne ta ɗago.

Ta ce, "In kin rufe, su masu kwalbar sun rufe nasu ne?"

Ta ce in rubuta abin da ya samu 'yarta a sa a farkon shafin, da sunan garin da komai, ban da hoto. Ta ce a rubuta cewa daga wannan shafin aka bi aka cuce ta, kada a ɓoye.

Na rubuta, yana haɗe da wannan takarda, ki duba ki sa. Ranar Asabar a taro zan tashi in faɗa da bakina, in tambaya ko akwai wadda ta taɓa shuɗin rubutun nan. Ina tsoron yawan hannun da zai tashi. Litinin kuma zan koma wurin Malam Zakariyya'u da sauran, daga farko, in sun yarda su sake karɓata.

Laraba mai zuwa zan koma Rido.

Mamanki,
Hajiya Khadija

Narayi, Kaduna
26 ga Yuli, 2024

Mama,

Ina gaisuwa. Ƙirjin da sauƙi, zan koma asibiti ranar 6 ga wata mai zuwa, zan kawo miki katin ki duba da kanki. Maganar Maris ta wuce a wurina.

Na sa labarin Favour a farkon shafin yadda kika rubuta, ban canza ko harafi ba.

Na nemi izini a wurin aiki ranar Laraba. Ki jira ni a bakin titin Makera da ƙarfe tara, mu tafi tare. Kin kyauta da ba ki ambaci sunana ba, amma Asabe ba ta ji labarin duka ba tukuna. In mun isa, ki ɗauki Favour ku zauna a waje. Sauran ni zan gaya mata.

'Yarki,
Judith